Gheorghe Hagi: Me ya sa sarkin fili ya sha wahala a benci kafin ya samu hanyarsa?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ba ya gajiya da labarin wani ɗan wasan Romaniya mai suna Hagi, har cewa yake yi a gasar cin kofin duniya ta 1994 babu lamba goma kamarsa. Da na bincika sai na ga bayan ya yi ritaya ya zama koci, amma kusan duk inda ya je ba ya daɗewa. Shin da gaske ya kai yadda ake zuzuta shi? In ya kai, me ya hana shi zama babban koci? Ko dai gaskiya ne da ake cewa gwanin ɗan wasa ba ya iya koyarwa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka kashi biyu ce: matsayin Hagi a fili, da dalilin da ya sa aikin horarwa ya yi masa wuya. Ta farko mai sauƙi ce, Baba bai yi ƙari ba. Ta biyu ce ke buƙatar a zauna, domin abin da ka gani rabin labarin ne. Daga 2001 zuwa 2011 Hagi ya karɓi aikin koci sau shida, babu inda ya cika shekara biyu. Amma daga 2014 zuwa 2023 mutumin nan ɗaya ya ci gasar lig ta Romaniya sau biyu da kofin ƙasar sau ɗaya, kuma da yaran da shi ya rene su. Ilimin ƙwallonsa bai canza ba tsakanin zangon biyu. Abin da ya canza shi ne wanda ke riƙe da iko a kulob ɗin, da yawan lokacin da aka ba aikin. Sai an fara duba irin ɗan wasan da ya kasance kafin a fahimci wannan, don matsalar bencin daga fili ta samo asali.

Ɗan wasan da aka tsare a gida

An haifi Gheorghe Hagi ranar 5 ga Fabrairu 1965 a ƙauyen Sacele da ke yankin Constanta, a gaɓar Baƙin Teku. A ƙungiyar Farul Constanta ya taso, daga nan ya koma Sportul Studentesc ta birnin Bucharest a 1983, shekarar da Mircea Lucescu ya fara sa shi a tawagar ƙasa yana da shekara 18. Bahago ne, gajere, mai kauri daga ƙugu zuwa ƙasa, irin jikin da ke da wuyar turewa daga kan ƙwallo. Ko da yake ɗan wasan tsakiya ne, shi ya fi kowa zura ƙwallo a lig ɗin Romaniya shekara biyu a jere: 20 a 1985, sai 31 a 1986. Kuma Sportul ba ta cikin manyan ƙungiyoyi biyu da ke juya ƙwallon ƙasar a lokacin, wato Steaua ta sojoji da Dinamo ta ma'aikatar cikin gida.

Shigarsa Steaua ta nuna yadda abubuwa ke tafiya a zamanin mulkin Ceausescu. Steaua ta ci kofin zakarun Turai a 1986, za ta kara da Dynamo Kyiv a wasan Super Cup a Monaco cikin Fabrairun 1987, sai aka ɗauko Hagi aro don wannan wasa guda. Ya ci ƙwallo ɗaya tilo ta wasan da bugun tazara, daga nan kuwa ba a mayar da shi ba. Ya ci lig uku a jere da su, 1987 da 1988 da 1989, ya kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai a 1988, sannan wasan ƙarshe a 1989, inda AC Milan ta Gullit da Van Basten ta lallasa su 4-0 a birnin Barcelona.

Gwamnatin lokacin ba ta barin ɗan wasa mai tashe ya fita waje. Sai bayan juyin juya halin Disamban 1989 ƙofa ta buɗe, Hagi yana gab da cika 25. Ka riƙe wannan, domin ɗan wasan da ya shafe shekarun koyonsa a inda shi ne tauraro, kowa na miƙa masa ƙwallo, yakan sha mamaki ranar da ya shiga ɗakin da ke cike da taurari.

Madrid, Brescia, da bazarar 1994

Bayan gasar kofin duniya ta 1990 a Italiya, wadda a cikinta Kamaru ta doke Romaniya 2-1 da ƙwallaye biyu na Roger Milla, Real Madrid ta saye shi. Shekara biyu ya yi, kuma a cikinsu koci huɗu suka wuce ta kansa: John Toshack, Alfredo Di Stefano, Radomir Antic da Leo Beenhakker. Kakarsa ta biyu ta yi kyau, amma ƙarshenta ya yi ɗaci. A ranar ƙarshe ta lig ɗin 1992 Madrid na gaba 2-0 a gidan Tenerife, Hagi ne ya ci ta biyun da bugun tazara, sai wasa ya juye 3-2, kofi ya tafi Barcelona. Daga nan ya bi Lucescu zuwa Brescia ta Italiya, ƙaramar ƙungiya, suka faɗa rukuni na biyu a 1993, suka dawo a 1994. Wato mutumin da ya girgiza duniya a Amurka daga rukuni na biyu na Italiya ya fito.

Mutanenmu da yawa suna tuna gasar 1994 saboda ita ce ta farko da Najeriya ta halarta, shi ya sa sunan Hagi ya zauna a bakin tsarar mahaifinka. Koci Anghel Iordanescu ya tsara Romaniya a kan abu guda: a tare baya da mutane da yawa, a bar abokin hamayya ya matso, da an ƙwace ƙwallo a nemi Hagi, shi kuma ya saki Florin Raducioiu ko Ilie Dumitrescu cikin filin da aka bari. A wasan farko suka doke Kolombiya 3-1 a Pasadena. Ƙwallon da Hagi ya ci a ranar ita aka fi maimaitawa: yana can gefen hagu kusa da layi, nesa da raga sosai, ya ɗaga kai ya ga gola Oscar Cordoba ya baro layinsa, ya ɗaga ƙwallon ta bi ta samansa ta faɗa can kusurwar nesa. Har yau akwai masu cewa kurosin ya yi niyya. Wanda ya san yadda yake wasa ba zai yarda ba, domin ya ci irinta daga nesa a rigar Madrid a kan Osasuna, ya kuma ci Celta Vigo daga tsakiyar fili a rigar Barcelona. Duba inda gola yake kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ɗabi'arsa ce.

Suwizalan ta ci su 4-1, suka doke Amurka 1-0, sai Ajantina a zagaye na biyu. Maradona ba ya nan, an kore shi daga gasar saboda gwajin ƙwayoyin da aka yi masa bayan wasansu da Najeriya. Raducioiu ma ba ya nan, katin gargaɗi ya hana shi. A ganina wannan wasa ya fi na Kolombiya nuna waye Hagi. Ƙwallo ta biyu shi ya zare ta tsakanin 'yan bayan Ajantina ya ajiye wa Dumitrescu, sai taɓawa kawai. Ta uku kuwa, Dumitrescu ne ya kwaso ƙwallo daga tsakiya, ya ɗan jinkirta har Hagi ya iso a guje ta dama, ya miƙa masa, shi kuma ya narka ta da ƙafar dama, wadda ba ita ce gwanarsa ba. Aka tashi 3-2. A wasan gaba Suwidin ta fitar da su a bugun fenareti bayan an tashi 2-2, gola Thomas Ravelli ya tare bugun Dan Petrescu da na Miodrag Belodedici. Hagi ya shiga jerin gwarzayen gasar, ya kuma zo na huɗu a zaɓen Ballon d'Or na shekarar.

Barcelona ta Johan Cruyff ta ɗauke shi, amma abin bai yi armashi ba. Dokar lokacin ta taƙaita baƙin 'yan wasa uku a fili, ga Koeman, ga Stoichkov, ga Romario, daga baya ga Figo. Ga rauni yana damunsa. Sannan tsarin Cruyff yana son kowa ya tsaya a gurbinsa ya saki ƙwallo da wuri, alhali Hagi ɗan yawo ne, inda ya hango gibi nan yake zuwa.

Abin da Fatih Terim ya gane

A 1996, yana da shekara 31, mutane na ganin ya ƙare, ya tafi Galatasaray ta Turkiyya. Nan ne ya yi shekaru biyar mafi albarka a rayuwarsa ta kulob: lig huɗu a jere daga 1997 zuwa 2000, kofin Turkiyya biyu, kofin UEFA a 2000, da Super Cup a kan Real Madrid a shekarar.

Dalilin nasarar a bayyane yake ga mai kallon tsari. Lamba goma irin Hagi yana da tsada ga ƙungiya: ba ya bin mutum in ƙwallo ta kuɓuce, kuma yana yawan gwada bugun da ko dai ya buɗe wasa ko ya zubar da ƙwallo. In ka sa shi, ka san da mutum tara kake tsaron gida ban da gola. Kocin Galatasaray na lokacin, Fatih Terim, ya biya wannan kuɗi da gangan. Ya kewaye shi da masu huhu, Suat Kaya da Okan Buruk da matashi Emre Belozoglu da Umit Davala, waɗanda aikinsu su matsa wa abokin hamayya tun daga gidansa, su ƙwato ƙwallo kusa da raga, su ba Hagi ita yana fuskantar gaba. Hakan Sukur yana gaba yana janye 'yan baya, Gheorghe Popescu yana tsara baya, Taffarel yana raga. Idan aka ƙwato ƙwallo a sama, tazarar da dattijon zai yi gudu ta ragu, abin da ya rage masa shi ne ido da ƙafar hagu, su kuwa ba sa tsufa da wuri. Inda irin wannan tsari ke lalacewa shi ne in masu gudun sun gaji ko an sayar da su, nan take lamba goman zai koma kaya a wuyan ƙungiya.

Akwai wani hali nasa da ya kamata a faɗa, don zai dawo a zancen horarwa: zafin zuciya. A wasan ƙarshe na kofin UEFA da Arsenal a Copenhagen, ranar 17 ga Mayu 2000, wanda Nwankwo Kanu ya shigo daga benci, an ba Hagi jan kati a ƙarin lokaci bayan ya yi cacar hannu da Tony Adams. Abokansa ne suka riƙe wasan 0-0 da mutum goma, suka ci 4-1 a fenareti, Popescu ya buga ta ƙarshe. Bayan 'yan makonni, a gasar Turai ta 2000, wasansa na ƙarshe a rigar ƙasarsa ma da jan kati ya ƙare, ranar da Italiya ta fitar da su 2-0. Ya bar tawagar da ƙwallo 35, adadin da Adrian Mutu ne kaɗai ya kamo. 'Yan Romaniya suna ce masa Sarki, an zaɓe shi gwarzon ɗan wasan ƙasar sau bakwai.

Shekara goma na shiga da fita

Ya ajiye takalmi a 2001, cikin 'yan makonni aka ba shi tawagar ƙasa bayan Ladislau Boloni ya tafi Sporting ta Lisbon. Yana da shekara 36, bai taɓa horar da ko ƙungiyar yara ba, kuma mutanen da zai ba umarni abokan wasansa ne na bara. Sloveniya ta fitar da su a wasan neman gurbin kofin duniya na 2002, 2-1 a waje, 1-1 a gida, ya bar aikin. A 2003 ya je Bursaspor, watanni kaɗan aka rabu. A 2004 ya gaji Terim a Galatasaray, ya ci kofin Turkiyya na 2005 da lallasa Fenerbahce 5-1, da matashi Franck Ribery a cikin tawagar, amma a lig ya zo na uku a shekarar da kulob ɗin ke bikin cika shekara ɗari, aka rabu. Politehnica Timisoara ta biyo baya, nan ma 'yan watanni. A 2007 ya karɓi Steaua, ya shigar da ita rukunin gasar zakarun Turai, sai ya yi murabus cikin Satumba saboda mai kulob ɗin, Gigi Becali, ya ƙi daina tsoma baki a kan wanda za a sa da wanda za a ajiye, har a gidajen talabijin. A Oktoban 2010 ya koma Galatasaray bayan an sallami Frank Rijkaard, zuwa Maris 2011 shi ma an sallame shi.

Idan ka jera waɗannan ayyuka za ka ga abubuwa suna maimaita kansu. Na farko, daga sama ya fara. Aikin koci yana da sassa da ɗan wasa ba ya gani komai gwanintarsa: tsara atisayen mako ta yadda nauyi zai hau a tsakiyar mako ya sauka kafin ranar wasa, sanin wanda ƙafarsa ta fara gajiya kafin tsoka ta tsinke, riƙe zuciyar mutum goma sha da ba sa samun shiga, shirya tsaron kwana da bugun tazara, magana da 'yan jarida bayan an sha kashi. Ana koyon waɗannan ne ta hanyar kuskure, kuma ya fi kyau a yi kuskuren inda idanu ba su da yawa. Dubi abokinsa Dan Petrescu, wanda bai kai shi suna ba. Ya bi ta ƙananan ayyuka, har ya ɗauki Unirea Urziceni, ƙungiyar wani ƙaramin gari, ya ci lig da ita a 2009, ya je Glasgow ya ci Rangers 4-1 a gasar zakarun Turai. Lucescu kansa a Corvinul Hunedoara ya fara, yana wasa yana horarwa. Hagi bai samu wannan zangon koyo ba, sunansa ne ya hana shi samu, don babu wanda zai kira Sarki ya ba shi ƙaramin aiki.

Na biyu, yawancin waɗanda suka kira shi sunansa suke so ya kashe musu wuta. A tsakiyar kaka ake kiransa, ƙungiya na cikin rikici, magoya baya na zagin shugabanni. Kawo gwarzon da jama'a ke ƙauna yana sayen watanni uku na shiru. Amma 'yan wasan ba shi ya zaɓe su ba, atisayen share fagen kaka ba shi ya yi ba, kuma in sakamako bai zo ba shi ne mafi sauƙin sadaukarwa. Zuwansa Galatasaray na 2010 misali ne ƙarara.

Na uku shi ne wanda ya shafi maganar da ka ji, cewa gwani ba ya iya koyarwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Duk wanda ya yi aiki da tsofaffin gwanaye a filin atisaye ya san matsalar: abin da gwani ke yi cikin daƙiƙa ɗaya, bai taɓa rarraba shi kashi-kashi ba, don bai taɓa buƙatar haka ba. Zai ce wa ɗan wasa "ka ba shi mana, ba ka gan shi ba?" alhali yaron da gaske bai gan shi ba, saboda bai waiga ba kafin ƙwallo ta zo, kuma jikinsa a rufe yake, ya ba filin baya. Koci nagari zai koma baya ya gyara waigen da tsayuwar jikin. Gwanin da bai koyi koyarwa ba sai ya fusata. Haɗa wannan da zafin zuciyar Hagi, da kuma ɗan wasa mai shekara 28 da ya riga ya ƙage a kan ɗabi'unsa, za ka ga inda ake samun saɓani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da alama Hagi ya gane haka da kansa, domin matakin da ya ɗauka na gaba kenan.

Ovidiu

A 2009 ya zuba miliyoyin yuro daga aljihunsa ya kafa makarantar horar da yara a Ovidiu, kusa da Constanta, tare da kulob mai suna Viitorul, wanda ya fara daga rukuni na uku. Ya hau na biyu a 2010, ya shiga babban lig a 2012. A shekarun farko wasu ya ɗauka suna horar da babbar ƙungiyar, sai a 2014, da ta shiga haɗarin faɗuwa, ya sauko benci da kansa. A lokacin shi ne mai kulob, shi ne koci, babu Becali a samansa, babu wanda zai kore shi in ya yi rashin nasara uku a jere.

Amfanin wannan ya wuce kwanciyar hankali. Idan makaranta da babbar ƙungiya suna hannu ɗaya, ana iya koyar da salon wasa iri ɗaya tun daga ƙananan aji: fara gina wasa daga baya, riƙe ƙwallo a ƙasa, kai hari da mutane da yawa, amfani da ƙafa biyu. Yaron da aka ɗauko daga ajin 'yan ƙasa da 17 ba sabon yare zai koya ba, sauri da ƙarfi kawai za su ƙaru masa. Sannan akwai abin da ya fi kashe makarantun ƙwallo a ko'ina, wato gibin da ke tsakanin shekara 17 da 20. Yaro ya gama makaranta, kocin babbar ƙungiya yana tsoron kujerarsa, ba zai sa shi ba, sai ya shekara biyu a benci ya dusashe. Abin da ɗan shekara 18 ke buƙata shi ne wasanni na gaske a jere, har da waɗanda zai yi kuskuren da zai jawo a ci ƙungiyarsa, a kuma sake sa shi mako mai zuwa. Kocin da shi ne mai kulob kaɗai ke iya jure wannan asara ba tare da fargaba ba. Cristian Manea ya buga wa babbar tawagar Romaniya yana da shekara 16 a 2014. Ɗansa Ianis Hagi, wanda aka haifa a Istanbul a 1998, shi ma yana 16 ya fara buga lig.

Kuɗin tafiyar da wurin daga sayar da 'yan wasa yake fitowa, kuma a nan ne nasarar 2017 ta zama abin mamaki. Ianis ya tafi Fiorentina a 2016. Razvan Marin, ginshiƙin tsakiyarsu, an sayar da shi ga Standard Liege a Janairun 2017, ana tsakiyar fafatawa. Duk da haka Viitorul ta ci lig, shekara takwas da kafa ta. Tsarin lig ɗin Romaniya ya taimaka a fahimci yadda aka yi: bayan zagayen farko ana raba makin kowa biyu, manyan ƙungiyoyi shida su sake karawa a tsakaninsu. Viitorul da FCSB, wato kulob ɗin Becali da a da ake kira Steaua, suka ƙare da maki iri ɗaya, aka ba Viitorul kofi bisa sakamakon karawarsu a wannan zagaye na ƙarshe. FCSB ta kai ƙara kotun wasanni da ke Lausanne tana neman a haɗa da wasannin zagayen farko, kotu ta yi watsi da ƙarar. A 2019 suka ci kofin Romaniya a kan Astra Giurgiu, suka ƙara da Super Cup a kan CFR Cluj. A 2021 aka haɗe Viitorul da Farul, ƙungiyar da ta rene shi, aka ci gaba da sunan Farul, wanda ya zo da abin da Viitorul ba ta taɓa samu ba, wato magoya baya masu tarihi. A Mayun 2023 Farul ta karɓi FCSB a wasan da zai raba gardama, aka ci ta biyu tun da wuri, ta farke ta ci 3-2, ta ɗauki lig.

Ribar ta kai ga ƙasa baki ɗaya. Tawagar 'yan ƙasa da 21 da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2019, bayan ta ci Kuroshiya 4-1 da Ingila 4-2, cike take da yaran da suka bi ta hannunsa, irin su Ianis da Manea da Florinel Coman da Alexandru Cicaldau. A gasar Turai ta 2024, lokacin da Romaniya ta ci Yukren 3-0, biyu daga cikin ƙwallayen Razvan Marin da Denis Dragus ne suka ci, dukansu 'yan Ovidiu.

Inda hujjar ta tsaya

Kada a ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa Hagi ya shiga sahun manyan kocin duniya. Bai shiga ba, kuma ko a Romaniya Lucescu yana gabansa nesa ba kusa ba, mutumin da ya ci lig da Galatasaray da Besiktas, ya ci kofin UEFA da Shakhtar Donetsk a 2009. Lig ɗin Romaniya na yau ba shi ne na shekarun 1980 ba, kuma wasu manyan ƙungiyoyin ƙasar sun yi fama da bashi da rikicin mallaka a daidai lokacin da Viitorul ke tasowa. Ma'auni mafi tsauri shi ne Turai, a can kuwa sakamakon bai yi daɗi ba. Gent ta ci su 5-0 a 2016. A 2017 sun ci APOEL ta Cyprus 1-0 a gida, aka rama musu 4-0 bayan ƙarin lokaci. A 2023 haka aka yi da Sheriff Tiraspol, nasara 1-0 a gida, rashin nasara 3-0 a waje, daga baya HJK Helsinki ta hana su shiga rukunin ƙaramar gasar Turai.

Dalilin yana cikin tsarin kansa. Wasannin share fagen Turai a Yuli da Agusta ake yin su, daidai lokacin da kasuwar 'yan wasa ke ci, kuma ƙungiyar da ke rayuwa da sayarwa takan shiga waɗannan wasanni bayan ta rabu da gwanayenta. Bayan cin lig na 2017, Coman da Dragos Nedelcu da Romario Benzar duk FCSB suka koma, wato abokiyar hamayyar da aka ƙwace wa kofi ita ta kwashe su. Yaro ɗan 19 yana iya ba ka wasa mai ban sha'awa a gida gaban mutum 4,500, amma riƙe ci ɗaya a waje cikin minti 120 aikin ƙwararru ne da suka saba, kuma salon Hagi na kai hari ba ya ba da mafaka in wasa ya juya. Haka nan ba a sake gwada shi a babban kulob na waje ba cikin waɗannan shekaru, saboda haka nasarar Ovidiu ba ta nuna ko darasin da ya koya zai yi aiki a ɗakin da ke cike da manyan taurari, ƙarƙashin shugaban da ke iya korarsa. Abin da ta nuna shi ne ya iya ɗaukar yaro ɗan shekara goma sha, ya koya masa waige da tsayuwa da ƙarfin halin neman ƙwallo, ya kai shi matakin da Ajax za ta biya miliyoyi a kansa, kamar yadda ta yi da Marin a 2019.